Biya Kafin Ka Taya: Shin Katin Costco Yana Mayar da Kuɗinsa?

A Kasuwar Singa ta Kano babu wanda zai tare ka a bakin ƙofa ya ce sai ka nuna kati kafin ka shiga ka taya katan ɗin taliya. Da kuɗinka a aljihu za ka shiga, ka taya, in an sallama ka biya, ɗan dako ya kai maka bakin titi. Shi ya sa Bahaushen da ya sauka Amurka ko Kanada, ranar da wani ɗan'uwa ya fara kai shi Costco, wani katafaren kantin sari, yakan tsaya turus tun daga ƙofa. Ma'aikaci na tsaye, kowa na ɗora katinsa a kan na'ura, hotonsa ya fito, sannan a ba shi hanya. Katin nan kuma saye ake yi, duk shekara a sabunta. Tun a 1 ga Satumba 2024 ƙaramin katin, wanda suke kira Gold Star, ya koma dala 65 a shekara, babban kuwa, Executive, dala 130. Abokan gogayyarsu ma haka suke yi. Sam's Club, mallakin Walmart, ya ɗaga nasa zuwa dala 50 da dala 110 a 2022, BJ's kuma ya kai dala 60 da dala 120 a farkon 2025.

Tambayar da kowane baƙo yake yi ita ce wadda su kansu Amurkawa ba su daina gardama a kanta ba: don me zan biya mutum kuɗi don kawai ya yarda in sayi hajarsa? Kuma in na biya, ni na ci riba ko shi?

Sai an fahimci inda wannan kasuwa take samun abincinta kafin a iya amsawa. Wanda ya ƙago tsarin shi ne Sol Price, wani lauya ɗan kasuwa a birnin San Diego na jihar Kalifoniya. A 1976 shi da ɗansa Robert suka buɗe Price Club a cikin wani tsohon zauren ajiye jiragen sama. Da farko ƙananan 'yan kasuwa kaɗai suke sayar wa, masu shaguna da gidajen abinci, kowa ya biya dala 25 a shekara ya riƙa sarin kaya. Daga baya aka buɗe wa wasu rukunin ma'aikata ƙofa, kasuwa ta buɗe. A 1983 Jim Sinegal, wanda a hannun Price ya koyi sana'a tun yana saurayi, ya haɗa kai da Jeffrey Brotman suka kafa Costco a Seattle. A shekarar ce Sam Walton ya buɗe Sam's Club a Oklahoma, BJ's ya biyo baya a 1984 a Massachusetts. A 1993 Price Club da Costco suka haɗe. Yau Costco na da rassa kimanin 900 a duniya, sama da 600 a Amurka, saura a ƙasashe irin su Kanada, Meziko, Japan, Koriya ta Kudu, Birtaniya da Sin. Ko ɗaya babu a Afirka.

Dabarar Price ita ce a raba ribar ɗan kasuwa gida biyu, a karɓi rabi tun a ƙofa, sauran rabin a tatso shi kaɗan-kaɗan a jikin kaya. Alƙaluman Costco na shekarar kuɗi ta 2024 sun nuna haka ƙarara. Kamfanin ya yi cinikin da ya kai dala biliyan 254. Kuɗin kati a ciki dala biliyan 4.8 ne kacal, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Amma ribar da kamfanin ya samu daga gudanar da kasuwancinsa, kafin haraji, wajen dala biliyan 9.3 ce. Wato kuɗin katin nan da ake gani kamar ba komai ba ya ɗan haura rabin ribar. Kuma kuɗi ne da ba a sayo shi ba, ba a yi dakonsa ba, ba ya ruɓewa a sito.

Tunda an riga an karɓi wannan, sai a iya sassauta wa kaya. An daɗe da sanin ƙa'idar Costco cewa ba ya ɗora fiye da kashi 14 cikin 100 a kan kayan wasu kamfanoni, da kashi 15 a kan nasa na kansa mai tambarin Kirkland Signature, wanda ya fara fitarwa a 1995. Manyan kantunan da ba sa karɓar kuɗin shiga, irin su Walmart, abin da ke tsakanin saye da sayarwarsu ya haura kashi 20. Akwai wata dabarar kuma. Babban kanti a Amurka yakan ajiye kaya iri 30,000 ko fiye, Costco kuwa kimanin 4,000 yake ajiyewa. In man gyaɗa kake nema ba za ka ga iri goma sha biyu ba, ɗaya ko biyu za ka gani. Duk wanda ya taɓa sari ya san ma'anar wannan: wanda zai kwashe tirela ɗari na abu guda shi yake yanka wa masana'anta farashi. Ga shi ba a kashe kuɗi wajen ƙawa. Ƙasa siminti ne tsura, kaya na nan a kan katakon da aka sauke su daga mota, ba wanda aka biya ya jera su ɗaya-ɗaya.

Don haka a yi musu adalci. Arahar ta gaske ce a kaya da yawa. Madarar jarirai, ƙunzugun yara na zamani, omo, takardar banɗaki, shinkafa, man zaitun, ƙwai, gyaɗa da dangoginta, batur, magungunan da ba sa buƙatar takardar likita, in aka auna da ma'auni ɗaya galibi sun fi sauƙi a can. Kuma mambobinsu ba wawaye ba ne: a Amurka da Kanada sama da 90 cikin 100 suna sabunta katinsu kowace shekara.

Lissafin ƙaramin katin ba shi da wuya. A ce a kan kayan da dama kake saye kowane wata, Costco ya fi kantin unguwarku sauƙi da kashi 10 cikin 100. Kafin ragin ya kai dala 65 sai ka yi cefanen dala 650 a shekara, wajen dala 54 ke nan a wata. Gidan da ke da yara uku a mako guda ma yana wuce wannan. Mai mota kuwa yana da wata ƙofar, domin yawancin rassan suna da gidan mai na mambobi, kuma mansu yakan fi na maƙwabta sauƙi. A ce ragin santi 20 ne a kowane galan. Galan 325 ya biya katin, wato cika tanki mai cin galan 13 sau 25, sau biyu a wata ke nan. Direban tasi ko mai aikin kai saƙo da mota zai mayar da kuɗinsa cikin 'yan makonni ba tare da ya taka cikin kantin ba.

In a nan maganar ta tsaya da babu gardama. Matsalar tana cikin sharaɗin nan da na gindaya: kayan da dama kake saye. Ragi yana zama ragi ne a kan abin da ko babu Costco sai ka saye shi. Duk abin da ka ɗauka don kawai ka gan shi da araha, kashe kuɗi ne, ko da an zabge masa rabi. Kuma an gina wurin ne, tun daga ƙofa har wurin biya, don ka ɗauki abin da ba shi ya kawo ka ba.

Dubi gasasshiyar kaza. Tun 2009 dala 4.99 ake sayar da ita, duk hauhawar farashin da aka yi ba ta motsa ba. Don a riƙe wannan farashi kamfanin har masana'antar kaji ya gina a Fremont ta jihar Nebraska, aka buɗe ta a 2019 bayan an kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli. Haka hot dog ɗinsu, burodi da sandar niƙaƙƙen naman shanu a ciki, haɗe da lemo, yana nan a dala 1.50 tun tsakiyar shekarun 1980. Ruwa ba ya tsami banza. Kazar tana can ƙuryar kanti. Kafin ka isa gare ta sai ka ratsa ta gaban talabijin, da riguna, da barguna, da tukwane, da kayan wasan yara. Ba su cika rataya allon da zai nuna maka layin sabulu ko na shinkafa ba, kuma sukan sauya wa kaya wuri, don ka zagaya ka gani. Wani kaso na hajar ma na wucin gadi ne, yau akwai, mako mai zuwa babu, sai zuciya ta ce maka ɗauka kafin ya ƙare. A kowace kusurwa ga mai miƙo maka ɗanɗano kyauta. Keken zuba kayan kansa ƙato ne, in ka sa abu uku a ciki sai ka ga kamar ba ka sayi komai ba. Kuma tunda komai a manyan ƙunshi yake, da wuya ka ga abin dala biyu. Kuskure ɗaya dala goma sha biyar ne ko ashirin. Kuskure huɗu a shekara ya cinye daidai kuɗin katin, kuskure huɗu a wata kuwa ya cinye ragin gaba ɗaya.

Akwai wani abu kuma da ke aiki a cikin zuciya. Wanda ya biya kuɗin shiga yana jin dole ya fanshe. A 1985 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu, Hal Arkes da Catherine Blumer, sun gwada wannan da tikitin kallon wasan kwaikwayo a Jami'ar Ohio: waɗanda suka biya cikakken kuɗi sun fi zuwa kallo a farkon zango fiye da waɗanda aka yi wa ragi, alhali wasan ɗaya ne. Haka mai katin yake. Zai wuce kantin Aldi ko Lidl da ke bayan gidansa, inda ba a biyan ko sisi a ƙofa kuma wasu kayan sun fi araha, ya tuƙa mota rabin awa, don kada kuɗin katinsa ya tafi a banza. Kuɗin katin kuwa ya riga ya tafi, ko ya je ko bai je ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda uwayenmu mata suka daɗe da sani ba tare da wani bincike ba. Gidan da ake awo kullum da kwano, hannu yakan san iyaka. Ranar da aka sauke buhu a ɗaki sai ɗiba ta canja, tukunya ta ƙaru, a kwana da saura. Masana harkar kasuwanci sun tabbatar da haka a Amurka. Wani bincike da Kusum Ailawadi ta Kwalejin Dartmouth ta yi tare da abokan aikinta biyu, aka wallafa a 2018, ya bi sayayyar gidaje masu yawa, ya gano cewa masu zuwa irin waɗannan kantuna suna ƙara yawan abincin leda da na gwangwani da suke shigarwa gida gaba ɗaya, ba wai sauya wurin saye kawai suke yi ba. Katan ɗin biskit da aka saya don ya kai wata biyu, yara sun ga bayansa a mako uku. Abin da ba a cinye ba kuma sai ya lalace. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsakanin kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na abincin ƙasar a shara yake ƙarewa. Ƙatuwar ledar alayyafo ko ayaba ko burodi da mutum biyu suka saya, in rabi ya ruɓe, sun biya ninki biyu a kan abin da suka ci. Garin neman ƙiba an samo rama, ga kuma alhakin almubazzaranci.

Musulmi mai kiyaye yanka yana da ƙarin abin dubawa. Kazar nan ta dala 4.99 da hot dog ɗin, waɗanda Ba'amurke yake sa wa a gaba in zai yabi katinsa, ba su da shaidar halal a rassan Amurka. Wani sashe babba na kantin kuma giya ce da naman alade. Wasu rassa, musamman inda Musulmi suke da yawa, suna kawo naman rago ko kaji masu tambarin halal, amma wannan ya danganta da gari. Saboda haka in abokin aikinka ya ce maka katinsa ya mayar da kuɗinsa sau biyar, tambaye shi me yake saye. Kayan da tukunyar Bahaushe take nema, su kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, manja, gero, garin tuwo, duk sai ka koma shagon 'yan Afirka ko na Indiyawa, kuma a can ɗin ma shinkafa da wake da kayan ƙamshi sukan yi araha ba tare da kati ba.

To wa katin yake yi wa rana? Wanda ya haɗa abubuwa huɗu: bakuna masu yawa a gida, wurin ajiya da firiza, mota, da kuɗin da zai iya fitarwa a dunƙule. In aka dubi waɗannan huɗun da kyau za a ga mai rufin asiri ake siffantawa. Wannan ne ɓangaren maganar da ba na so a wuce shi da sauri. Mutumin da ya fi kowa buƙatar ragi shi ne wanda ya fi wuyar samunsa. Ka ɗauki sabon zuwa da ke zaune a ɗaki ɗaya a unguwar Bronx ta birnin New York, shi da matarsa da jariri, bene hawa na huɗu, babu mota. Akwai reshen Costco a gabashin Harlem tun 2009, ba shi da nisa sosai, kuma kamfanin yana karɓar katin tallafin abinci na gwamnati. Amma buhun shinkafa mai nauyin kilo 22 da ɗoriya da katan ɗin ƙunzugu ba sa hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa da daɗi. In ya ɗauki tasi, kuɗin tasin ya haɗiye ragin. In ya kai gida, ina zai ajiye? Kuma dala ɗari uku da zai zube rana ɗaya, kuɗin haya ne ya taɓa. Wasu masana biyu a Jami'ar Michigan, Yesim Orhun da Mike Palazzolo, sun yi nazarin sayen takardar banɗaki a Amurka, suka gano cewa gidajen masu ƙaramin ƙarfi ba sa iya sayen manyan ƙunshi ko jiran lokacin ragi kamar masu hali, don haka suna biyan fiye a kan kowane falle. Sun kuma ga cewa a farkon wata, lokacin da kuɗi ya shigo hannu, waɗannan gidajen sukan sayi babban ƙunshi. Ashe sun san lissafin, kuɗin ne babu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya ga yadda mai albashi yake sayen buhun masara a Dawanau da kaka, leburan da ke maƙwabtaka da shi kuwa yana awon kwano-kwano har tsakiyar damina lokacin da farashi ya hau.

Babban katin, Executive, shi ne inda ma'aikatan kantin suka fi matsa wa mutum lamba a wurin biya. Ƙarin dala 65 ne a kan ƙaramin, a madadinsa a mayar maka da kashi 2 cikin 100 na sayayyarka a ƙarshen shekara, iyakarsa dala 1,250. Raba 65 da kashi 2, za ka samu dala 3,250. Sai ka kashe wannan a shekara, wajen dala 271 a wata, kafin ka dawo daidai da mai ƙaramin kati, ba ka ci ba ba a ci ka ba. Man mota ba ya cikin lissafin, abincin da ake ci a wurin ma haka. Mai gidan abinci ko mai iyali goma zai wuce wannan ba da wahala ba. Wanda ke kusa da wannan adadin kuwa yana cikin haɗarin ya riƙa ƙara sayayya don ladansa ya ƙaru, ya kashe dala ɗari don a dawo masa da biyu. A ganina sabon mamba ba shi da dalilin farawa da wannan katin. Ya yi shekara guda da ƙaramin, ya tara rasit, sannan ya duba.

Ga wanda bai haɗa sharuɗɗan nan huɗu ba, mafita ɗaya da na yarda da ita tana cikin al'adarmu. Watanda. Yadda mutum goma suke haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa, kowa ya ɗauki kashinsa, haka gidaje uku ko huɗu za su iya yi. Dokar kantin ta ba kowane mamba katin kyauta guda ɗaya ga wanda suke zaune gida ɗaya, ta kuma yarda ya shigo da baƙi biyu, amma mamban ne kaɗai zai biya. Ba da aron kati kuwa an toshe shi, shi ne dalilin na'urorin da aka kafa a ƙofa a 2024, kuma bai dace ba dama, tunda an sa hannu a kan sharaɗi. Amma babu abin da ya hana mai mota ya riƙe kati, a rubuta masa abin da kowane gida yake so, ya sayo, a raba a gida, a raba kuɗin kati da na mai. Ta haka tumatir ba zai ruɓe ba, kuma rubutaccen saƙon mutane yana ɗaure hannun mai saye fiye da yadda zai ɗaure kansa.

Ƙananan abubuwa biyu da sukan ba baƙo mamaki. A rassan Amurka, cikin katunan bashi Visa kaɗai ake karɓa tun 2016, ko da yake katin cirar kuɗi na banki da tsabar kuɗi suna aiki. A Birtaniya kuma, inda aka buɗe reshen farko a Thurrock a 1993, ba kowa ake ba katin shiga kanti ba, sai mai kasuwanci ko ma'aikaci a wasu fannoni da aka lissafa, kamar lafiya, koyarwa, banki da aikin gwamnati.

Wanda yake shakka yana da hanyar gwaji da ba za ta ci masa komai ba. Ya ɗauko rasit ɗin cefanensa na wata biyu da suka wuce, ya fitar da kaya goma da suka fi cin kuɗinsa, waɗanda ba sa lalacewa da wuri. Ya bi wani mai kati a matsayin baƙo, ya duba farashin ma'auni da ake rubutawa da ƙananan haruffa a jikin alamar farashi, na laba ɗaya ko lita ɗaya ko ƙwaya ɗaya, ya kwatanta da na Aldi ko Walmart ko shagon unguwa. Ya ninka bambancin da abin da gidansa yake ci a shekara, ya cire kuɗin mai ko na tasi. In abin da ya rage ya ninka kuɗin katin sau biyu, ya yanka. In da ƙyar ya kai, ya bari, domin sayayyar ganin ido za ta cinye ɗan abin da ya rage. Costco ya yi alƙawarin mayar wa mamba da cikakken kuɗin katinsa duk lokacin da ya ce bai gamsu ba, don haka wanda ya yanka ya ga bayan wata shida sau biyu kawai ya je, ya koma teburin mambobi da ke kusa da ƙofa ya karɓi dala 65 ɗinsa.